Shaidar Taguwa

Ran kasuwar Gure, tsoho Fadilu na Kelle ya tsaya gaban teburin wani mai sayar da rediyo, ya ƙura wa kwali ido.

"Ɗana, wa ya yi wannan rubutu?"

"Inji ne, Baba. Rediyo kake so?"

"Kwalin nake so. Dubi baƙaƙen, duk kusurwa, ba lanƙwasa ko ɗaya. Kamar rubutun mutanen da ba a haifa ba tukuna."

"Na allon kanti ne, a hango daga nesa. A wasiƙa ido zai yi ciwo."

"Nesan nake so. Taguwa ɗaya ta rage mini cikin raƙumana, kullum ana musu a kanta bakin rijiya, shaidarmu irin ta rabin gari ce. Maƙeri zai buga mini wannan a ƙarfe, in yi mata sabuwar shaida a jiki."

"Na sunanka?"

"Na jikata Habsu. Ta gane abarta ko ba na nan."

Wata mai gyaɗa da ke gefe ta ɗago kai.

"Baba, ina za ka, da kake rabon kaya tun yanzu?"

Fadilu ya ci gaba da kallon baƙaƙen kwalin.