Fatar Farin Sosej

A rumfar abinci ta tashar jirgin ƙasa ta Rosenheim, a kudancin Jamus, Torben yana tsaye yana cin farin sosej, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a cikin siririyar fata, kafin jirgin Munich ya iso. Wani dattijo a gefensa ya zuba masa ido.

"Samari, har da fatar kake ci? Ai ɓarewa ake yi. Daga arewa kake, ko?"

"Daga Kiel, Baba. In ya shiga ciki ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Miƙo wuƙar." Ya tsaga, ya zare fatar, ya tura masa mastad mai zaƙi na dangwalawa. "Bikin giya na Munich za ka? Kai kaɗai?"

"Abokaina suna can, sun kama mana teburi."

"Su nawa?"

Torben ya daɗe yana tauna. "Mu huɗu muka shirya. Duk sun yi aure, kowa da uzurinsa. Ba kowa a can. Kai fa?"

"Na daina zuwa. Nan nake tsayawa in gyara wa baƙi cin sosej. A gida ba wanda zan yi wa faɗa."

Jirgin ya shigo. Torben ya dubi jirgin, sannan ya juya ga mai rumfa. "Ƙaro mana biyu."

"Wannan karon kai za ka ɓare," in ji dattijon. "Ina kallonka."