Malam Sabiou, Mai Labaran Bayan Magariba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Jama'a, assalamu alaikum.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sarkin Zango, ranka ya daɗe. Wakilin magajin garin Parakou, mun gode da zuwanka. Sarkin Fawa da dattawan kasuwar shanu, Arɗo da jama'arka da kuka taso tun daga Djougou, sannunku da hanya. Shugaban tasharmu, Alhaji Abdoulaziz. Hajiya Tsahara, uwar gidan nan, da 'ya'yanmu Bachir da Shafa'atu, da dangi da maƙwabta, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sunana Ousseini. Ni ne mai riƙe kamera a sashen labarai na gidan talabijin na Télé Zumunta. Abokan aiki suka ce ni zan yi magana a wannan sadakar arba'in ta Malam Sabiou Abdoul Karim, don cikin waɗanda suka rage ni na fi daɗewa tare da shi. Waɗanda suka rage ɗin kuwa ba mu da yawa. Shekarun nan mun yi ta taruwa a ƙarƙashin rumfa irin wannan, har kujerun haya sun san mu. Idan kuka ji muryata ta yi ƙasa, ku yi mini uzuri.

Yaran yanzu ba su san yadda tashar nan ta fara ba. Marigayi Alhaji Habou, mahaifin shugabanmu na yau, mai motocin dakon auduga, shi ya buɗe ta a wani gidan haya a unguwar Ganou. Ɗakin kwana ne muka mayar ɗakin labarai, muka manna kwalayen ƙwai a bango don kada a ji kukan awakin maƙwabta. Ana karanta labarai da Faransanci, a bi da Baatonum da Dendi. Hausa babu. Lokacin Malam Sabiou yana wani ƙaramin gidan rediyo yana karanta sanarwar rasuwa da suna da cigiyar shanun da suka ɓace. Ɗan mahauci ne, a Zango aka haife shi, ya san irin mutanen da ke taruwa gaban talabijin ɗin mai shayi. Shi ya je ya sami Alhaji Habou ya ce masa mahauta da dillalai da direbobin da suka zo daga Nijar da Najeriya suna zama suna kallon bakin mai labarai yana motsi, su tashi ba su san abin da ya faru a garin da suke kwana ba. Alhaji ya yi dariya, ya ce ya ba shi bayan magariba, a gwada a gani. Gwajin nan ne ya ci ƙuruciyarsa duka, ya haɗa da tawa.

Ya kasance mutum ne da ba ya juya takarda kalma da kalma. Idan aka miƙa masa labari da Faransanci, sai ya karanta, ya kife takardar, ya tambayi kansa yadda zai faɗa wa mahaifiyarsa wannan magana ta gane. Da haka mutanenmu suka san ranar rigakafin shanu, da inda aka mayar da tashar mota, da abin da sabuwar doka take nufi ga mai teburin nama.

Ya kasance ba ya kiran sunan mutum sai ya tambayi yadda mai sunan yake faɗarsa. Ya kasance yana gaida mai shara kafin ya gaida darekta, ba don raini ba, sai don ita yake fara tararwa a bakin ƙofa. Kuma tunda gaskiya muka zo faɗa, ya kasance mai taurin kai. Mun sha yin faɗa. Yakan sa ni in koma unguwar Banikanni da tsakar rana in sake ɗauko hoton kwalbati ɗaya, wai wanda na kawo bai nuna inda ruwan yake shiga gidajen mutane ba. In tafi ina gunaguni, in dawo in tarar ya ajiye mini ruwan sanyi.

Abu ɗaya nake so in ba ku labarinsa yadda ya faru, don na ji ana ta faɗarsa kwanakin nan, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa.

Wata damina, 'yan shekarun baya, wani hoton bidiyo ya shiga wayoyin mutane. Gonar doya ce tana cin wuta, sai kuma gawar wani mutum a kwance, da murya tana cewa makiyaya ne suka kashe manomi a Kolokondé. Kafin azahar babu wayar da bai shiga ba. A garin nan kuwa, idan rai ya ɓaci, ba a bambanta mai kiwon saniya da mai sayar da namanta. Sarkin Fawa yana zaune nan, ya san yadda mutanensa suka kwashe tebura tun kafin la'asar.

Shugabanmu ya ce a sa hoton cikin labaran yamma, tunda kowa ya riga ya gani, kuma shirun tashar zai sa a ce muna ɓoye wa wasu laifi. Ya ba ni izinin faɗar wannan, kuma ina shaida yana da hujjarsa. Malam Sabiou ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, fuskata ce za ta fita tare da shi. Idan na karanta, mutanen Zango za su ce ya tabbata. Ban je ba, ban gani ba, ba zan karanta ba."

Aka yi labaran yammar nan ba a ambaci maganar ba. Da gari ya waye muka hau motar Djougou, daga can muka ɗauki zem, masu baburan haya, muka shiga hanyar daji. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san abin da nake nufi. Mun fi tura babur a kan hawansa. Malam ya faɗi cikin taɓo da rigarsa ta aiki, ya tashi yana tambayata ko kamera ba ta jiƙe ba.

Da muka isa ƙauyen, gonar ta ƙone da gaske, shanu kuma sun yi ɓarna da gaske. Amma mutumin da aka ce an kashe, shi muka tarar zaune a ƙofar mai gari, shi da makiyayin da shanunsa suka yi ɓarnar, ana sasanta su. Gawar da ke cikin hoton ba wanda ya san ta a yankin, daga wani wuri aka ɗauko aka liƙa. Malam ya yi hira da manomin cikin harshen Dendi. Tsohon ya riƙe fartanyarsa yana dariya, ya ce 'yarsa ta zo daga Djougou tana kuka za ta yi masa zaman makoki, shi ya ba ta ruwa ta sha.

Muka juyo da murna. Sai ruwan sama ya sauko, rafin da muka tsallaka da safe ya cika ya hana wucewa, waya kuma ba ta kamawa a wurin. Dole muka kwana. Washegari, shigarmu Djougou ke nan wayar Malam ta yi ƙara. Aka gaya masa wasu samari sun tare Anwar, mai sayar da nama a Banikanni, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya fito kasuwa don ba shi da abin ajiyewa a gida. Sun doke shi har idonsa ɗaya ya tafi.

Da yammar muka nuna tsohon nan yana dariya da fartanyarsa. Aka maimaita da Faransanci da Baatonum da Dendi. Gari ya lafa, tebura suka koma wurarensu. Mutane suka yi ta zuwa tashar suna yi masa barka. Shi kuwa yana gamawa ya ce in raka shi asibiti. Ya durƙusa a gefen gadon Anwar ya ce, "Ka yafe mini, na makara."

Anwar ya ce, "Malam, kai ka aiko su? Tashi, kada ka sa ni jin kunya."

A hanyar komawa na so in kwantar masa da hankali, na ce ai ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ya dube ni ya ce, "Ousseini, furen ma ya isa ya cire wa mutum ido." Ya ce bai yi nadamar ƙin karantawa ba. Abin da ke cin sa shi ne shirun da ya yi a daren farko. Da ya fito ya ce wa jama'a mun ga abin da kuka gani, ba mu tabbatar ba, ku dakata mu je mu dawo, wataƙila da samarin nan sun jira. Wataƙila kuma da ba su jira ba. Har ya koma ga Allah bai sami amsar wannan ba, ni ma ba ni da ita. Amma tun daga ranar kuka fara jin yana cewa a labarai, wannan mun ji shi, ba mu tabbatar ba tukuna. Wasu suna yi masa dariya, suna cewa mai labaran da bai san labari ba. Bai fasa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi mana sauƙi ba, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne. Waya ta kwashe masu kallo. Masu talla suka bi su. Labaran Hausa da ake yi kullum suka koma 'yan kwanaki a mako, lokacinsu ma aka rage. Ciwon suga ya kama Malam, ganinsa ya yi ta raguwa har takarda ta gagare shi. Da yawanku ba ku sani ba, amma shekarunsa na ƙarshe ba karantawa yake yi ba. Abokiyar aikinmu Kadidjatou ce take karanta masa labaran kafin a shiga, ya haddace, ya gyara abin da zai gyara, sannan ya zauna ya fuskanci inda ya ji muryata. Na sha ce masa ya huta. Sai ya ce to, wata mai zuwa. Labarinsa na ƙarshe a kan gyaran wata hanya ne a Ganou. Bai yi ban kwana da kowa ba, don ya ɗauka zai dawo.

Hajiya Tsahara, gare ki nake so in juyo. Mu ne muka karɓe miki shi. Bachir ya gaya mini ranar jana'iza cewa tun tasowarsa bai tuna azumin da mahaifinsa ya sha ruwa tare da su a gida ba, don lokacin yana gaban kamera. Gaskiya ya faɗa. Kununki da ƙosanki da kike aikowa tashar, mu muka sha rabinsu. Ba ki taɓa aiko mana da ƙorafi ba, ko da yake kina da shi. A madadin duk wanda ya taɓa zama ya saurari mijinki, muna roƙonki gafara, muna kuma yi miki godiya.

Bachir, Shafa'atu, mahaifinku bai bar muku gidan sama ba, kun sani. Amma duk kasuwar da kuka shiga tsakanin nan da Djougou, ku faɗi sunansa, za a ba ku wurin zama. Ku riƙe mahaifiyarku. Ku riƙe juna. Ƙofar gidana a buɗe take, ba sai kun yi sallama sau biyu ba.

Ku kuma shugabanni da sauran jama'a, ba zan yi muku alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Labaran Hausa sun rage yamma ɗaya a mako, Kadidjatou ce ke riƙe da su, kuma ban san har yaushe ba. Mun tsufa, kayan aikin ma sun tsufa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan wani abu ya shigo wayarka ya tafasa maka zuciya, kafin ka tura wa na gaba, ka tambaya wa ya je, wa ya gani. Na san wasunmu za su manta kafin su kai bakin titi. Duk da haka na faɗa.

Mun gode wa Malam Liman da malaman da suka sauke Alƙur'ani tun safe. Mun gode wa matan unguwa da suka tsaya a kan tukwane, da baƙinmu na nesa. Wanda Malam ya ɓata wa rai, ya yafe masa don Allah, mu ma mun yafe.

Ya Allah, ga bawanka Sabiou ɗan Abdoul Karim ya zo gare ka a gajiye. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi, ka mayar masa da ganinsa a inda babu ciwo. Ka zama gatan iyalinsa. Ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane tambaya, bai taɓa yi don ya kunyata kowa ba. Yanzu shi ake tambaya. Ya Allah, ka sauƙaƙa masa, ka sa amsa a bakinsa.

Malam Liman, a ja mana Fatiha.