Ragon da Ya Sha Aski

A tashar Bodinga, wani dattijo riƙe da rago yana nuna wa na kusa da shi wuƙa mai naɗewa.

"Malam, dubi: wuƙa, almakashi, zarto, filaya, duk a haɗe. Ga arha!"

"Tana yanka kuwa, Baba?"

"To, jiya sunan jikana, na kayar da ragon ga, na yi bisimilla, na goga, na goga. Gashin wuyanshi kaɗai ta aske. Ya tashi ya koma cin harawa, baƙi suna kallo."

"Subhanallahi! Yanzu fa?"

"Shagari za ni kai shi wurin mahauci."

"Ai sai ka jefar da ita."

"In jefar? Dubi wuyan ragon ga da kyau. Wane wanzami ka iya wanga aski?"