Sai Mai Imel

A ɗakin jira na wani asibiti a Toledo, Darnell yana ta danna kwamfuta kusa da wata tsohuwa.

"Ɗana, har nan ma aiki?"

"Mama, ni na gyara musu manhajar kiran marasa lafiya. Da rarrafe take yi. Sai na hana ta haɗa jadawalin sunaye da na sakamakon gwaji, sai dai ga mai imel. Yanzu kamar walƙiya!"

"Wanda ba shi da imel fa?"

"Haba Mama, a wannan zamanin?"

"Maigidana Walter ba shi da shi. Tun bara muke jiran kira kan sakamakon gwajinsa. Yau suka ce cutar daji ce, har ta kai hanta."

Darnell ya rufe kwamfutar.

"Buɗe ta ka gyara, ɗana," in ji tsohuwar. "Ba Walter kaɗai ba ne."