Yadda Kunyar Ɗan Fari Ta Juya Mini Safiya da Maraice

Ƴan'uwana mata na wannan zumunta, da iyayenmu da ke zaune a kan tabarmar baya, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta sauka a kowane gida da aka fito yau.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Hannatu, matar Malam kafinta da ke bayan kasuwar Tawa. Na tashi ne in faɗa muku abin da Ubangiji ya yi mini bara. Har yanzu in na tuna sai in riƙe baki, don ban taɓa zaton abin da mutum ya ƙi faɗa da bakinsa yana iya sauka cikin jikinsa ya zauna ba.

Kun san al'adarmu ta Adar. Ɗan fari ba na uwa ba ne. Da na yaye nawa, tsohuwa, mahaifiyar Malam, ta zo ta goye shi ta tafi da shi ƙauyensu wajen Takanamat. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Sunansa ma ban taɓa kira ba tun ranar suna. In dole ta kama sai in ce “ɗan tsohuwa”. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, har koleji, na ga ranar da aka ɗaga sabuwar tutar ƙasarmu, na karɓi baftisma, amma wannan kunyar ba ta motsa daga inda uwata ta ajiye mini ita ba. Kuma ban ga laifinta ba, ita ce mutuncin mace a wurinmu.

To ga inda abin yake. Illo, ƙanen Malam, yakan kawo gero kasuwar Lahadi, in ba wannan mako ba mai zuwa. In mun taso daga sujada sai mu tarar da shi a zaure, ya ɗaure jakunansa, yana jiran fura. Illo kuwa akwai baki! Zai ba ni labarin tsohuwa da ciwon gwiwarta, da saniyar da ta haihu, da wanda ya faɗa rijiya aka ciro shi, da yaran da ƙyanda ta kayar a unguwar gabas. Mutum ɗaya ne kawai ba ya taɓawa. Yana ganin girmana, ba ya so ya kunyata ni. Ni kuma ina dama fura, kunnena a miƙe kamar na zomo, ina jiran sunan da na san ba za a faɗa ba. Ya sha, ya yi godiya, ya kora jakuna. Ni kuma in zauna da “yaran da ƙyanda ta kayar”. Waɗanne yara?

A lokacin ina goyon Rifkatu, ga ta can a bayan yayata. Sai jikina ya fara wani abu da ban gane ba. Da asuba, sa'ad da maƙwabtanmu ke alwala, kowace mace a unguwa ta ɗauki taɓarya, ni sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ƙarfi ne kawai babu. Amma rana na karkata, kaji na neman wurin kwana, sai idona ya bushe, zuciyata ta riƙa bugu, in ji kamar in share gidan nan sau biyu. Lokacin aiki ina kwance, lokacin hutu ina tsaye. Abinci ya fita kaina. Mura ta kama ni ta ƙi saki.

Abin da ya tsorata ni shi ne nono. Ya ja baya. Rifkatu ta kama ta saki, ta kama ta saki, ta sa kuka. Jigidar da ke ƙugunta ta fara zamewa ƙasa. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, ta yi ta dama mini kunun kanwa, na sha har na gaji, ba canji.

Malam ya ce, “Wanga abu ya wuce kunu. Gobe mu tahi likita.”

Likitar da ta duba ni baturiya ce, ta daɗe a ƙasar nan, tana jin Hausa har da ba'a. Ta duba idona, ta saurari ƙirjina, aka ɗebi jinina. Ta ce ba zazzaɓin sauro ba ne, jinina ya ɗan yi ƙasa amma bai isa ya kwantar da mace ba. Sai ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: “A cikin yini, yaushe kike da ƙarfi?”

Na ce, “Madam, in rana ta faɗi.”

Ta ajiye abin sauraronta ta gyara zama. Ta ce a kan kowace ƙoda Allah ya ɗora wata ƴar tsoka ƙarama, wadda take zuba wani ruwa cikin jini, sunansa kortizol. Ta ce tun kafin mutum ya farka ruwan nan yake hauhawa, shi ne ke tashe shi ya ba shi ƙarfin fita gona. Daga nan sai ya yi ta raguwa har maraice, ya yi ƙasa, jiki ya saki, barci ya zo. In kuma tsoro ya taso, sai tsokar ta ƙara zubo shi don mutum ya iya gudu ko ya tsaya ya kare kansa.

Ni da na saba tambaya tun ina lakkwal har mushe, malamin ajinmu, yana kora ta, sai na mance ma ciwo ya kawo ni. Na ce, “To wa ke tashinta? Tana da zakara ne a ciki?”

Ta yi dariya ta ce ƙwaƙwalwa ce ke aika mata saƙo, ita kuwa tana bin hasken rana da duhu.

Na ce, “Kenan kamar rijiyar unguwarmu ce. Wadda ta yi sammako ta cika guga, wadda ta zo da la'asar ta kwashi laka.”

Ta ce, “Haka ne. Ba ni da abin auna shi a nan, amma ina zaton rijiyarki ta rikice. Da safe a ƙafe, da maraice tana ambaliya. Damuwa mai daɗewa tana yin haka, irin wadda ba ta zuwa ta wuce. Jiki ya yi ta zaman jiran kura, kura ba ta zo ba, ba a kuma ce masa ta tafi ba. Mai jiran kura kuwa ba ta sakin nono da sauƙi. Hannatu, me kike jira?”

Na sunkuyar da kai na ce babu komai. Ta dube ni, ba ta matsa ba. Ta ba ni ƙwayar ƙarin jini, ta ce in riƙa fita hasken safe ko ba na so, ta ce sauran maganin ba ya cikin kabad ɗinta.

Ƴan'uwa, ku yi dariya in kuna so. Washegari na aiki Malam wurin mahauci ya sayo mini ƙodar rago da kitsenta, kada a gyara. Na zauna da wuƙa ina tona kitsen a hankali, sai ga ta kusa da ƙodar, ƴar mitsitsiya, ba ta fi ƙwayar wake ba. Na ɗora ta a tafin hannuna ina kallo. Wannan? Wannan ce ke tashin mai gona da asuba, ta kwantar da shi da dare? Sau nawa na jefa wa kyanwa irinta ban sani ba! Na ce, ya Ubangiji, aikinka da ban mamaki yake. Kai da ka sa wa rana lokacin fitowa, ashe ka sa wa cikin mutum nasa.

Daga nan na zama mai leƙen asirin kaina. Na lura ranar Litinin ce safiyata mafi muni, bayan zuwan Illo. Na lura ko kukan jaki na ji a ƙofar gida sai zuciyata ta buga. Na gane sarai abin da nake jira. Amma ganewa daban, buɗe baki daban.

Gwaggo Saratu ce Allah ya aiko. Ga ta nan zaune tana harara ta, ta san zan faɗa. Ranar zumunta aka ce in yi addu'a. Na roƙa wa Malam, na roƙa wa Rifkatu, da tsohuwa, da shugabannin ƙasa, da damina, har da akuyar maƙwabciyata da ta ɓace. Da muka fito sai Gwaggo ta riƙe mini gyale.

“Ke Hannatu, ɗiyanki nawa?”

Na ce, “Gwaggo, ai kin sani.”

“Ni na sani. Amma yau na ji akuya ta samu shiga, mutum bai samu ba. Hala ta hi shi gata?”

Na rufe fuska na ce, “Gwaggo, kunya.”

Ta ce, “Kunyar wa? Allah surukinki ne? Ki ji kunyar tsohuwa, ki ji kunyar Illo, wannan daidai ne, mu ma haka munka yi. Amma wanda ya halicci yaron a cikinki, shi za ki ɓoye wa sunansa? Shi da bai ji kunyar nasa Ɗan ba, a gaban taro a bakin kogi ya nuna yana ƙaunarsa?”

Maganar nan ta bi ni har gida. Ban taɓa lura ba, wallahi tallahi ba ma rantsuwa amma ku yarda da ni, ban taɓa lura cewa ko a gaban Allah “ɗan tsohuwa” ba ya fitowa daga bakina ba. Na ɗauki kunyar zaure na shiga da ita har ɗakin addu'a.

Da gari ya waye na ja jikina na fita tsakar gida kamar yadda likita ta ce. Na durƙusa kusa da turmi, rana tana fitowa. Na ce, “Uba, ga ni. Ina da ɗa a Takanamat.” Na gwada kiran sunansa. Na sake gwadawa. Da sunan ya fito, ban san muryata ba ce, don bakina bai saba da shi ba. Na faɗa, na sake faɗa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka goye shi aka tafi. Na ce, “Ban san ko yana da rai ba. Ban san ko yana ƙoshi ba. Kai ka sani. Na gaji da tsaronsa daga nesa, ka karɓa.”

Haleluya! Ba zan ce muku na tashi da ƙarfin doki a ranar ba. Amma turmin da ke ƙirjina ya ɗaga.

Lahadi ta zo, Illo ya zo. Na miƙa masa fura. Ya fara labarin gwiwar tsohuwa. Na juya masa baya, na dubi bango, na ce, “Illo, yaron fa?”

Sai ya ƙyalƙyale da dariya har fura ta sarƙe shi. “Kai! Yau wace rana? Matarmu ta yi baki! Wane yaro kuma, ai garinmu yara da yawa.”

Na ce, “Ka sha furarka ka ba ni amsa, ko in karɓe ƙwaryata.”

Ya daina dariya. Ya ce, “Ƙyanda ta kama shi da bazara, ta kwantar da shi sosai. Tsohuwa ba ta runtsa ba sai da ya tashi. Ta so a hwaɗa miki, munka ce a bari, kada a sa ki magana a gaban mutane. Yanzu shina nan garau, haƙoransa na gaba sun zube, shi ka kai awaki bakin tabki. Kullum na dawo sai ya tambaye ni ko matar birni ta aiko da ƙuli-ƙuli.”

Ashe abin da nake tsoro ya zo har ya wuce, ni ina nan ina jiransa! Ubangiji ya riga ya yi aikinsa tun bazara, jikina ne bai samu labari ba. Ranar Illo ya koma da ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya.

A hankali rijiyata ta koma daidai. Na fara jin barci tare da kaji. Wata safiya sai na tsinci kaina a bakin turmi ina daka tare da matan unguwa, ban ma san lokacin da na tashi ba. Mura ta sake ni. Nono ya dawo har yana jiƙa mini riga, jigidar Rifkatu kuwa sai da muka ƙara mata zare. Da na koma wurin likita ta dube ni ta ce, “Kura ta tafi?” Na ce, “Madam, ta daɗe da tafiya, ni ce ban tambaya ba.”

Bayan girbi muka hau kamyo, babbar motar kaya, muka je gaida tsohuwa. A gabanta ban dubi yaron ba, ban kira shi ba, kunyata tana nan inda ta dace. Amma tsohuwa ta san abin da take yi. Ta ce masa, “Kai wa baƙuwa ruwa a ɗaki,” ita kuma ta tashi wai za ta duba awaki, da gwiwar nan tata. Ta daɗe ba ta dawo ba.

Na gode wa Allah da ya yi ƴar tsokar nan kamar wake, ya sa mata safiya da maraice. Na gode masa don likitar da ta yi tambaya, da Gwaggo da ta ja mini gyale. Ƴar'uwa, in akwai abin da kike ɗauke da shi wanda ba ya faɗuwa a zaure, jikinki yana jin nauyinsa ko bakinki bai faɗa ba. Ki je likita a duba ki, kada ki ƙi. Amma ki kai wa Yesu abin da sunansa, kada ki kewaye. Shi ba baƙo ba ne, ba suruki ba ne, kuma yana riƙe da abin tun kafin ki buɗe baki.

Yanzu ina da roƙo ɗaya. Tsohuwa ta yarda yaron ya zo Tawa ya shiga lakkwal in an buɗe. In kun durƙusa, ku sa shi cikin addu'arku. Gwaggo, ki daina murmushi, zan faɗa.

Sunansa Ishaku. Ɗana ne.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.