Na Dama ko Na Hagu

A kan bencin shagon gyaran hotuna, wata malamar makaranta ta leƙa tsohon hoton da dattijon da ke gefenta yake ta juyawa. Maza biyu ne, kamarsu ɗaya.

"Baba, wanne za a ƙara wa girma?"

"Mahaifina, 'yata. Jikoki sun matsa sai sun gan shi a bango."

"Wanne ne shi?"

Ya sosa ƙeya. "Ko na dama, ko na hagu. Ɗayan ƙanensa ne. Ina goye mahaifin nawa ya rasu."

Haushi ya kama ta. "Halinmu ke nan! Shekara sittin, an rasa mai rubuta suna a bayan hoto!"

"A hankali, Malama, nan ba ajinki ba ne. Da can kowa ya san su."

"Yanzu wa ya rage?"

"Yayata kaɗai. Shekara shida ba ma magana, a kan katangar gida."

"To shi ke nan, rataya baffanka, jikoki su yi ta yi wa hotonsa kirari."

 Ya zaro waya ya miƙa mata.

"Danna mini lambarta. In ta hau faɗa, ke kika kira."