Sunan da ke Jikin Jirgin Manase

Manase ya yi rashin ta ido. Kowa a ƙasar Tonga ya san gwaggo ce ke raɗa wa jariri suna, shi kuwa ya lallaɓa ofishin rajistar haihuwa na garin Neiafu ya rubuta wa 'yarsa wanda ya ga dama. Yau ga shi kan bencin jira, an koro shi ya gyara. Wata tsohuwa da bai sani ba ta leƙa takardarsa.

"Ɗana, ƙaruwa aka yi?"

"Wata uku ke nan, Iya. Suna zan canza. Yayata ta rantse ba za ta sake taka gidana ba sai an goge shi."

"Ka tsallake gwaggon yarinya? Lallai kana da ƙarfin hali. Wane suna ka sa?"

"Lesieli. Sunan jirgin kamun kifina ne. Jirgi mai albarka, bai taɓa dawowa wayam ba."

"Madalla. Shi kuma jirgin, sunan wa ya ci?"

Manase ya hau gyara zama. "Suna ne kawai, Iya."

"To. Don na san wata Lesieli a ƙauyenmu, mai zaƙin murya a coci. Ta yi aure ta tafi Auckland, shekara tara ke nan."

"Takwas da wata biyar," in ji Manase.

A bencin baya, matarsa ta daina jijjiga jaririya.

A ranar aka canza sunan yarinya. Washegari matar ta tsaya a kansa a bakin teku, ya kankare sunan jirgin da hannunsa, masunta na kallo.